Daƙiƙa Ɗaya, Zane Goma Sha Biyu

A ɗakin aikinmu da ke Kano, inda ni da yarana shida muke zanen katun na barkwanci da harshen Hausa, akwai tambayar da kusan duk wanda ya kawo mana aiki yakan yi tun kafin ya zauna. Yakan ce wai don me shirin da bai wuce minti biyar ba zai ci wata biyu, alhali kuwa kwamfuta ce take yin komai. Idan na ji haka nakan jawo masa kujera, in buɗe masa wani guntun aikinmu inda wani dattijo yake saɓa babbar riga a kafaɗa kafin ya zauna a kan tabarma, sannan in riƙa nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Motsin daƙiƙa uku ne kacal, amma zane 36 ne a ciki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da bai bi ta hannun mutum ba. Fim yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa, talabijin a ƙasarmu kuma 25, mu kuwa mukan tsayar da kowane zane sau biyu, saboda haka daƙiƙa ɗaya tana cin zane kamar goma sha biyu, minti ɗaya kuma kimanin 720. Wasu idan sun ga haka sukan yi shiru su gyara zama. Wasu kuma sukan ce duk da haka a rage musu, domin akwai wani yaro a unguwarsu da yake haɗa irinsa da waya cikin kwana biyu.

Wannan babbar rigar ita ce abin da na fi alfahari da shi a duk aikinmu, domin ban taɓa ganin manhajar da ta san yadda take motsi ba. Manhajojin zane sun zo da riga da wando irin na Turawa, waɗanda suke manne da jiki, su bi hannu duk inda ya nufa. Babbar riga kuwa tana da nauyinta da nata lokacin. Mutum yakan ɗaga hannu tukuna, sai yadin ya biyo baya, ya taru a kafaɗa, sannan gefe ɗaya ya fara zamewa a hankali har sai an sake saɓa shi. Shadda mai sitaci tana karyewa ne da kusurwa, tsohuwar riga da ta sha wanki kuma tana zubowa kamar ruwa, kuma mai kallo yakan gane attajiri da talaka daga wannan kaɗai tun kafin su buɗe baki. Na yi makonni ina zama a ƙofar masallacin Juma'a bayan an idar da salla da ɗan littafina a hannu, ina zana yadda dattawa ke tattare riga idan za su sa takalmi. Haka muka yi da ɗaurin zani, da yadda mace ke gyara goyo da gwiwar hannu ba tare da ta ajiye tulu ba, da durƙuson yaro idan zai gai da babba, wanda ya bambanta da durƙuson wanda ya zo neman bashi.

Ban fara da kwamfuta ba. Na fara ne a rumfar kawuna, wanda sana'arsa rubutun allon shaguna da zanen bayan manyan motoci. Shi ne yake zana zaki da dawisu da jirgin sama a jikin motocin katako masu zuwa kudu, ya kuma rubuta musu kalmomin hikima da hannu ba tare da ya ja layi ba. Shekara biyu na yi ina wanke buroshi da kananzir ina dama fenti kafin ya bar ni na taɓa allo. Ran da ya fara ba ni zanen doki, na ɓata yini guda ina ƙawata sirdi da linzami, sai ya zo ya tsaya a kaina ya ce, “Ɗana, dokin nan naka ya yi ado, amma a tsaye yake kamar an kafe shi. Je ka filin sukuwa ka ga ƙafar da take fara tashi.” Na je na gani, kuma har yau idan yarana suka kawo mini zanen da ya yi kyau amma babu rai a jikinsa, maganar kawu nake maimaita musu. A wannan rumfar ne kuma nake zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi na littafin makaranta, in riƙa sakin shafukan da babban yatsa har ya zama kamar yana gudu.

Barkwancin kuwa a gaban akwatin talabijin na maƙwabta na koye shi, lokacin da yaran layi sukan cika tsakar gida bayan magariba. Zamanin tashar CTV ne, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV, ga kuma shirye-shiryen da ake kawowa daga Kaduna. Wanda bai ga Usman Baba Pategi yana fitowa a Samanja ba, da gashin bakinsa da Hausar barikinsa, zai yi wuya ya fahimci yadda mutum ɗaya zai sa gida guda dariya da juyin ido kawai. Ƙasimu Yero kuma ya nuna mana cewa natsuwa ma tana ba da dariya idan an san inda za a ajiye ta. Daga baya Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya zo da nasa salon na sauri da kwaikwayon duk abin da gari yake yayi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. A tsakanin waɗannan shirye-shirye ne ake sako mana Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, kuma abin da ya riƙa damuna tun ina yaro shi ne, kyanwa da ɓera na Amurka suna ba mu dariya ba tare da sun ce uffan ba, amma Gizo da Ƙoƙi da kakarmu take ba mu labarinsu kowane dare ban taɓa ganin an zana su suna motsi ba.

Bayan na bar rumfar kawu na sami aikin fentin bangon wasan kwaikwayo a wani kamfanin shirya wasanni, kuma a can na haɗu da wani tsohon ɗan wasa da ya koya mini abin da ya fi zane wuya, wato lokaci. Wata rana ana gwajin wani ɗan gajeren wasa inda maigida zai buɗe kwanon tuwo ya tarar babu nama, sai matashin da yake fitowa a maigidan ya buɗe kwanon ya fara faɗa nan take. Tsohon ya tsayar da shi ya ce, “A'a, yaro, ka yi gaggawa. Buɗe, ka duba, ka rufe, ka dubi matarka, sannan ka sake buɗewa ko Allah ya sa naman ya dawo.” Da aka yi haka, har masu riƙe da fitila sai da suka dara. Na tambaye shi, “Baba, ta yaya ake sanin tsawon shirun?” Ya ce ana ƙirga shi ne da numfashin mai kallo. A zanen katun wannan shirun da hoto muke ƙirga shi. Idan aka tsayar da fuskar maigida na hoto takwas, dariyar ba ta nuna ba. Idan aka kai ashirin da huɗu, ta huce. Wani wuri a tsakani take, kuma sai an gwada an sake gwadawa a gaban mutanen da ba su san labarin ba. Mai shayin ƙofar ofishinmu ya kalli gwajin aikinmu fiye da kowa a garin nan, kuma idan bai motsa ba mukan koma kan tebur.

Wannan ne ya sa raina yake ɓaci da masu kwashe katun ɗin ƙasashen waje su ɗora masa muryar Hausa su kira shi katun ɗin Hausa. Baki yana gabas, magana tana yamma, mutumin da ke cikin hoton yana cin abinci da cokali mai yatsu ana cewa tuwo yake ci. Mu kuwa murya muke fara naɗa kafin a ja layi ko ɗaya, sannan a zauna a rarraba ta gaɓa gaɓa, a rubuta hoton da kowane sauti ya faɗo a kai. Leɓe dole ya haɗu a kan b da ɓ da m, dole ya tsuke a kan u da w, kuma dogon wasali yana buƙatar baki ya daɗe a buɗe fiye da gajere, in ba haka ba Bahaushe zai ji a jikinsa cewa wani abu bai daidaita ba ko da bai iya faɗin mene ne ba. Gizo ya fi kowa ba mu wahala saboda tsamin bakinsa, domin idan ya ce “saiki” maimakon “sarki”, sai an zana harshen da leɓen yadda kuskuren zai fito a fuska kamar yadda ya fito a kunne. Mun gwada mutum tara kafin mu sami wanda zai yi muryarsa ba tare da ya mai da shi wawa ba, domin Gizo mai wayo ne, kwaɗayi ne kawai yake kayar da shi.

Labaran ma daga gida muke ɗebo su. Bahaushe yana da rumbun barkwanci tun kafin a ƙirƙiro talabijin: ga 'yan kama da suke kwaikwayon wa'azi a kan tuwo da miya, ga 'yan gambara a kasuwa, ga tashe da yara suke fara yi daga goma ga watan azumi, ga wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarbawa, da na taubasai da na jika da kaka. Kowane ɗaya yana da iyakarsa, kuma sanin iyakar shi ne rabin aikin. Bafulatani zai tsokani Babarbare a cikin shirinmu su rabu suna dariya, amma ba ma sa yaro ya yi wa mahaifinsa rashin kunya don a yi dariya, ba ma yin wasa da nakasar mutum, ba ma kuma taɓa addini. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano tana da nata dokokin, amma tun kafin aiki ya je gabanta nakan nuna wa mahaifiyata, domin abin da ba zan iya kallo tare da ita ba, ba zan sa sunana a kansa ba.

Masu kwaikwayon aikinmu ba su san wannan wahalar ba. Akwai wani ɗan gajeren shiri da muka yi na mai unguwa da akuyar da ta cinye takardar gado, wanda ya ci mana mako bakwai. Kwana uku da fitowarsa na gan shi a shafuka daban daban a TikTok da Facebook, an yanke tambarinmu daga kusurwa, an ɗora wani kiɗa a kan muryar da muka sha wahalar naɗa, an kuma ƙara masa gudu har shirun nan da na ba da labarinsa ya ɓace gaba ɗaya. Satar ta yi mini ciwo, amma lalata lokacin ya fi yi mini ciwo, domin dubban mutane sun kalli abin suna zaton haka muka yi shi. Bayan wata guda sai ga wani ya zana nasa mai unguwar da hula irin ta namu, jiki a sandare kamar an yanko shi daga kwali, baki kawai yake buɗewa yana rufewa. Irin wannan ne ake kawo mini a waya a ce ga wanda yake yi da araha.

Ba na ƙin kayan zamani, kuma ba na hana yarana amfani da su. Da allon zane na lantarki muke aiki, muna amfani da manhajar Blender, wadda kyauta ce ga kowa, mun kuma sa sola domin kada ɗaukewar wuta ta katse mana aiki a tsakiya. Na ji daɗi ƙwarai da na ga Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya ƙirƙiro a Abuja, domin ya tabbatar wa masu shakka cewa ana iya yin katun mai inganci a ƙasar nan, kuma tun da Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014 mutanenmu suka saba da ganin Hausa cikin hoto mai tsabta, suka daina karɓar duk abin da aka miƙo musu. Amma duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina, wata shida na farko fensir da takarda ne abokan aikinsa. Zai zana ƙwallo tana faɗowa tana tsalle har sai na ji nauyinta, sannan buhun gero, sannan kaza tana tsattsage, sannan tafiyar mutum, wadda ita kaɗai takan ɗauki wasu wata biyu. Akwai wata yarinya a cikinsu da yanzu ta fi ni iya zanen hannu, kuma ita ce ta zana yatsun Ƙoƙi suna tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai, wurin da duk macen da ta kalla takan ce haka ake yi.

Yanzu muna kan shirin azumi mai zuwa, gajerun wasanni goma na tashe, kowanne minti uku, inda Gizo zai shiga ayarin yara da gemun auduga domin ya raba su da hatsin da suka samu. An gama naɗar muryoyi, an zana bangon unguwa da soraye da kwata da tukunyar mai ƙosai, saura motsi. Masu shaguna da makarantu da ƙungiyoyin da suke son a yi musu talla ko saƙon wayar da kai cikin katun, ƙofarmu a buɗe take, sai dai a zo da wuri, domin wanda yake son aikinsa ya fita a azumi ya kamata ya kawo labarinsa tun kafin watan Rajab ya kama. Duk wanda ya zo zan jawo masa kujerar nan, mu fara kallon dattijon da babbar rigarsa tukuna, sannan mu yi maganar aiki.