Abin da na koya a ɗakin fassara game da jaruman da ba a sani ba

Waɗanda muka yi aiki tare a studiyon fassarar fina-finai sun san cewa tun daga kan fim ɗin Eternals muka fara samun saɓani da Oga, har ta kai ga na ajiye aiki. Ga waɗanda suka zo bayana, bari in faɗi yadda abin ya kasance.

A wurin mai kallonmu, in ka cire Spider-Man da Batman da Superman, kusan duk jaruman kamfanonin Marvel da DC na Amurka baƙi ne, don ba mu tashi da littattafan zanen da aka ciro su daga ciki ba. Baƙo kuwa sai an zauna da shi ake sanin halinsa. Shi ya sa na ba da shawarar mu ɗauki Daredevil mai dogon zango, wanda Netflix ta fitar a 2015. Zangon farko kashi 13 ne. Makahon lauya ne a birnin New York, da rana yana kotu, da dare yana dambe da 'yan daba. Bos ɗin, Wilson Fisk, ba a ma nuna fuskarsa sai ƙarshen kashi na uku, daga baya aka koma kan ƙuruciyarsa da irin uban da ya haife shi. Jarumin kansa bai sa jan kayansa ba sai kashin ƙarshe. Kafin nan mai kallo ya riga ya saba da shi. Shi wannan jarumin an yi masa fim a 2003 da Ben Affleck, ba a kuma yi na biyu ba.

Oga ya ce, "Kai dai ka cika Turanci. Mai tura fim a waya guda ɗaya yake so, a tura a wuce." Aka ajiye mini Eternals na 2021: jarumai goma, kowa da sunansa da baiwarsa, tarihin shekaru dubu bakwai, duk a cikin awa biyu da rabi da 'yan mintuna. Ina mai fassara zai samu sararin gabatar da su? Kafin a ce wannan ce Sersi, an koma Babila. Kingo kawai mutane suka riƙe, shi ma don a cikin labarin jarumin fina-finan Indiya ne. Da masu shaguna suka ce ba ya tafiya, a gaban yara Oga ya ce rubutuna ne ba gishiri. Bayan wani lokaci aka ɗauko Daredevil ɗin, aka ba ƙanin matar Oga ya rubuta, ya karɓu, na kuma ji da kunnena Oga yana cewa tun da can shi ya hango.

Kada a ce na rufe ido. Guardians of the Galaxy na 2014 fim ne, jarumansa ko a Amurka ba kowa ya san su ba, har da bishiya mai magana, amma ya tara sama da dala miliyan 770. Sai dai su biyar ne, kuma barkwanci ne ya ɗauke su, abin da fassararmu ta fi ƙwarewa a kai. Inhumans kuma da farko fim aka shirya yi, aka mayar da shi talabijin a 2017, kashi 8 ya yi aka rufe. Dogon zango ba ya gyara labarin da ba shi da daɗi. Amma in jarumi baƙo ne kuma labarinsa na da nauyi, har gobe dogon zango zan zaɓa masa.

Wanda ya gaji kujerata, duk shawarar da zai bayar ya tura ta a rubuce ta waya kafin ya faɗe ta da baki. Ya riƙa zama da masu tura fina-finai, sun fi Oga sanin kasuwa. Kuma ya yi maganar kuɗi kafin ya fara rubutu, don ni har yau ina bin ladan aikina na ƙarshe.