Igiyar auna damtse a tsakar gidanmu na Agege

Ranar da aka ɗaura wa ɗan maƙwabciyata igiyar auna damtse, ni ce tafinta. Matan ƙungiyar sa-kai da ke zuwa layinmu a Agege duk Talata Yarabanci da Turanci kawai suke ji, ita kuwa uwar yaron daga Zamfara aka kawo ta aure, ko gaisuwar mutanen gari ba ta iya ba. Igiyar launi uku gare ta: kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa haɗari. Da aka zagaya ta a hannun yaron sai ta tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5. Watansa 14 a duniya.

Uwar ta dube ni ta ce, "Yaya, ai haƙori yake fitarwa."

Na ce, "Ƙanwata, ba haƙori ba ne, tamowa ce."

Mijinta ɗan acaba ne. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, samu ya ja baya. Cire tallafin mai a 2023 ya ƙarasa abin da ya rage. Koko tsinkakke da ruwan shayi, shi ne abincin yaron safe da yamma, nonon uwa kuma ya janye don ita ma ba ƙoshi take ba.

Na ga masu taimako iri-iri a garin nan. Akwai masu zuwa da azumi, a raba shinkafa, a jera mata a ɗauki hoto, a sa a Facebook, sai kuma baɗi. Ban raina ba, Allah ya saka musu. Amma yaron da ke kwance a zanin goyo ba ya jiran baɗi. Masana lafiya suna maganar kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cika shekara 2, lokacin da jiki da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Abin da aka rasa a nan, da wuya a cike shi daga baya.

Su kuwa matan ƙungiyar sa-kai ba su da buhuna, naci gare su. Sun haɗa uwar da asibitin sha-ka-tafi don a duba yaron. Sun zaunar da mu a tabarma sun koya mana Tom Brown: a soya gero da waken suya da gyaɗa, a niƙa, a dama da kauri, ba ruwa-ruwa ba. Dariya ta kama ni, don ba shi da nisa da kunun gyaɗar da kakata ke damawa. Sun karɓi katin rigakafinsa, suka ga an yi na sati 6 da na sati 10, an tsallake na sati 14, ta ƙyanda ta wata 9 kuwa ba a ma je ba. Ɗayarsu ta zuba tsakuwa a gwangwanin madara ta toshe bakin, ta ce uwar ta riƙa kaɗa masa tana yi masa magana, ko da bai amsa ba.

Maigidan ya so ya hana. Wai ba a san abin da ke cikin allurar ba. Sai da malamin Islamiyyar layinmu ya tare shi bayan sallar isha'i, sannan ya sakko.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu. Muna da manyan 'yan kasuwa a Mile 12 da Idi-Araba, zakka na fita duk shekara, amma tafinta ɗaya ta gagare mu ɗauka. Ranar da na tafi sarin atamfa kasuwar Balogun, mata biyar suka zo suka koma ba wanda ya ji abin da ke damun 'ya'yansu.

Talatar da ta wuce igiyar ta tsaya a rawaya. Kafin a kwance ta, yaron ya fizge ya kai baki.