Shan Mai a Tsofaffin Manyan A-kori-kura

Ina ƙaunar tsofaffin motocin a-kori-kura na Amurka irin su Ford F-150 da Chevrolet C/K, amma shan mansu yana damuna ƙwarai. Injin V8 mai silinda 8 da aka ɗora wa jiki mai nauyi da faffaɗan gaba dole ya sha mai, musamman a samfuran da suka zo da kafireto (na'urar da ke gauraya mai da iska) kafin a koma tsarin fesa mai a shekarun 1980. Duk da haka, direba yana da nasa hannu a ciki, domin turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. A ganina, rage gudu a babbar hanya, da cika iskar taya yadda ya kamata, da canza filogin da bakinsa ya yi baƙi, sun fi sayen na'urorin rage shan mai da ake tallatawa amfani.