Mai firam da zanen da ba ya kai damina uku

Sana'ata yin firam ce. Shagona yana Obalande a Legas, ni da yara uku, muna yanka katako da gilashi, muna ɗame yadin zane a kan sanduna, in an biya kuɗin mota mu je har wurin baje koli mu rataye.

Masu kallo gaban zane suke dubawa, ni kuwa sai na juya shi tukuna, domin a bayansa ake gane ko mai shi ya san garin da yake zaune. Legas gari ne na laima, ga iskar teku mai gishiri. Takarda tana shan danshi ta kumbura, fumfuna ta feso mata ɗigo-ɗigo, ƙusa ta yi tsatsa ta ci yadi. In aka kwantar da takarda a jikin gilashi kai tsaye, bayan damina biyu ba ta rabuwa da shi sai ta bar masa fentinta. Shi ya sa muke sa kwali mai kauri a tsakani, irin wanda ba ya sa takarda ta yi ja. Daga waje ake kawo shi, farashinsa kuma dala yake bi. A nan ciniki yake yawan watsewa.

Kakar kasuwarmu Oktoba da Nuwamba ce. Tun da aka fara baje kolin zane na Art X Lagos a 2016, galarorin Ikoyi da Victoria Island, wato gidajen nuna zane da sayar da shi, suke turo aiki a lokacin har mu kwana a shago. Suna biya da kyau, sai dai a makare.

Amma aikin da ke tsayar da ni ba daga can yake zuwa ba. Samari da 'yan mata ne daga Bariga da Mushin da Ajegunle, wasunsu ɗaliban kwalejin fasaha ta Yaba Tech. Ba su da galari. Kango suke samu ko saman bene, su sanar a Instagram, su tayar da janareta da kiɗa, dare ɗaya a gama a watse. Bikin baje kolin zane na Lagos Biennial na farko a 2017, da aka yi a tsohuwar rumfar jiragen ƙasa ta Ebute Metta, ya ƙara musu ƙarfin gwiwa, sun ga ba dole sai da farin bango da na'urar sanyi ba. A ganina zanensu ya fi na manyan wurare rai. Matsalar, a kan buhun siminti suke yi, da kwalin taliya, da fentin gida, su liƙe da salatif. Wani aikin ba zai kai damina uku ba.

Kowa a cikinsu ya san labarin Tutu, zanen shahararren mai zanen Najeriya Ben Enwonwu da aka gano a wani gida a Landan, aka sayar a 2018 kan fam miliyan 1.2. Kuɗin suke ji. Ni abin da nake ji shi ne ya yi shekara arba'in da wani abu a ajiye bai lalace ba. Don haka nake rage musu kuɗi, wani lokaci in karɓi zane a madadin ladan aiki, da sharaɗin mai shi ya rubuta sunansa da shekara, ya kuma bar ni in cire salatif ɗin.

'Yan'uwana a masallaci sukan ce, "Alhaji, ai wannan harkar 'yan Kudu ce." Nakan tuna musu cewa a Zariya, a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar ɗalibai da ta sauya zanen Najeriya. Su 'yan Kudu ne, amma a ƙasarmu suka yi karatun, kusa da gidajen birni masu zanen bango da kakanninmu suka iya.

Namu da ke zuwa shagon, allon zayyana suka fi kawowa, na sauka ko na gado. Shi ne ma ya fi ba ni wahala, domin tawadar gargajiya da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, an yi ta ne don ruwa ya wanke. Sai in ƙera masa akwati mai zurfi, allon ya tsaya nesa da gilashi, in toshe bayan sosai, sannan in roƙi mai shi kada ya rataye a bangon da ke jingine da banɗaki.