Dattijon da ya ƙi rubuta sunansa

Aikin da aka ɗauke ni na yi a rubuce yake ƙarara: kula da kasafin kuɗi, tattara rasidai, biyan alawus, haɗa rahoton kuɗi duk bayan wata uku. Ƙungiyarmu ƙarama ce, tana shiga tsakanin al'ummomi biyu da suka zubar da jinin juna, titi ɗaya ne kawai ya raba su. Abokan aikina ke zama da dattawa, ni kuwa tawa ita ce kwamfuta da akwatin fayil. A watannin farko na ɗauka sulhu yana can cikin ɗakin taro, ni ina bakin ƙofa ina lissafi.

A zama na uku na ajiye tebur da takardar halarta kamar kullum: suna, unguwa, lambar waya, sa hannu. Sai mutum ya cike nake miƙa masa kuɗin mota, domin idan babu wannan takarda mai binciken kuɗi zai ce kuɗin ba su da shaida, a sa ƙungiya ta mayar da su. Wani dattijo ya zo, ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ajiye biro.

Na ce, "Baba, idan rubutun ne, ga tawada, ku dangwala yatsa."

Ya ce, "'Yata, na iya rubutu. Bayan ke, wa zai ga takardar nan?"

Na yi shiru. Na san za a ɗauki hotonta a tura ofishin da ke samanmu, daga can a tura wa masu ba da tallafi, amma ban taɓa ƙirga hannu nawa take bi ba. Shi kuwa a ɓoye ya fito. A unguwarsu akwai matasan da ke ganin duk wanda ya zauna da ɗaya ɓangaren ya ci amanar waɗanda aka kashe. Ya shiga taron, ya yi magana mai ratsa jiki, ya koma gida a ƙafa bai karɓi komai ba.

Daren nan ban runtsa ba. Washegari na rubuta wa jami'ar da ke kula da tallafinmu, na roƙi a bar mu mu ba kowane mahalarci lamba. Sunayen su zauna a kwafi ɗaya tak a akwatin ƙarfe na ofis, abin da zai tafi sama lambobi ne kawai da sa hannun ma'aikata biyu da suka shaida biyan. Mai bincike in ya so gani, ya zo ya gani a gabana. An yi makonni ana kai-komo, a ƙarshe suka amince. Tun daga nan na riƙe abu ɗaya: dokokin masu tallafi da yawa suna da ƙofa, amma sai an nemi izini a rubuce kafin a kashe kuɗin. Wanda ya fara kashewa sannan ya zo da bayani, ko bayanin gaskiya ne, ya makara.

Daga baya na karanta aikin Mary Anderson, Ba'amurkiyar da a 1999 ta wallafa littafi kan ƙa'idar da ma'aikatan agaji ke kira "kada ka cutar". Abin da take cewa shi ne, tallafin da ya shiga wurin rikici ya zama wani ɓangare na rikicin: ko ya ƙarfafa abin da ya haɗa mutane, ko ya ƙarfafa abin da ya raba su. Da na gama sai na buɗe littafin biyan kuɗi na wata shida, na jera sunayen waɗanda muka yi ciniki da su. Hayar mota, kujeru, ɗakin taro, buga takardu, duka ɓangare ɗaya suka tafi.

Ba wanda ya shirya hakan. Doka ta ce a nemo farashi daga 'yan kasuwa uku, a ɗauki mafi sauƙi, kuma ya kasance mai rajista da asusun banki da rasidi mai hatimi. Ɓangaren da kasuwarsu ta tsira su ke da waɗannan duka. Waɗanda aka ƙone wa shaguna, takardunsu ma sun tafi cikin wutar. Ashe mutane sun riga ni lura. Wata mata da ke zuwa taronmu ta taɓa ce mini, "Malama, bakinku yana cewa sulhu, amma cinikinku can yake kwana." A lokacin na ɗauka ƙorafi ne na wadda ba ta samu ba. Gaskiya ta faɗa.

Gyaran ya ci lokaci. Muka rarraba sayayya kashi-kashi maimakon a danƙa wa mutum ɗaya. Na zauna da ƙananan 'yan kasuwa na ɗaya ɓangaren, na nuna musu yadda ake rubuta takardar farashi da yadda ake buɗe asusu. Ɗakin taro kuwa muka koma wanda ke tsakiya, inda kowa zai shiga ba tare da ya ratsa unguwar da yake tsoro ba. Ya fi tsada, don haka kowane biya nakan liƙa masa takardar dalili. Ban taɓa ƙara wa wani kuɗi don ɓangarensa ba, kuma ba zan yarda a yi ba, domin wannan ma wariya ce.

Alawus kuwa ƙa'idarsa gajeriya ce: a ƙayyade shi bisa nisan tafiya, a faɗe shi da babbar murya a gaban kowa, a biya a fili. Sau biyu wani shugaba ya kawo mini sunayen waɗanda ba su zo ba. Na ba shi haƙuri cikin ladabi, ban biya ba. A kasafi na biyu na ƙara layi na mai kula da yara, domin ƙuduri mai lamba 1325 da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar a shekarar 2000 ya ce a dama da mata a harkar zaman lafiya, mace mai goyo kuwa ba ta da inda za ta ajiye ɗanta ta zauna awa huɗu.

Abin da ya fi ba ni wahala jinkirin kuɗi ne. Kashi-kashi ake sakin tallafi, ba a sakin na gaba sai an karɓi rahoton na baya. Ko an saki, banki na iya riƙe shi yana tambayoyi, saboda dokokin hana kai wa 'yan ta'adda kuɗi sun sa bankuna da yawa suna gudun duk abin da za shi yankin rikici. A Disamban 2022 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664 wanda ya keɓe ayyukan agaji daga takunkumin daskarar da kadarori, amma lafazinsa a kan agaji da muhimman buƙatun rayuwa yake, ma'aikacin banki kuma ba lallai ya ga zaman sulhu a ciki ba. Sau ɗaya muka ɗage taro saboda kuɗi ba su iso ba. Kafin kwana biyu, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ne ya janye. Aikin wata huɗu ya kusa rushewa. Yanzu nakan miƙa rahoto tun kafin wa'adi, in kuwa ɗagewa ta zama dole, rana ɗaya ake sanar da ɓangarorin biyu, da kalmomi iri ɗaya, da ainihin dalilin.

Da muna da ɗan abin ajiya, da ba a ɗage taron ba. Nan ne nake ganin ba a yi wa ƙananan ƙungiyoyi adalci. Tarayyar Turai takan yarda da kashi 7 cikin 100 na kuɗin aikin a matsayin kuɗin tafiyar da ofis, amma sau da yawa a hannun babbar ƙungiyar da ta karɓo tallafin yake tsayawa. A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 an yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida. Ba a cika ba. Mu da ke zaune da mutanen ana neman mu da lissafi marar aibi, ga shi albashin akanta ma sai an yi ta roƙo ake sa shi a kasafi.

Dattijon ya dawo a zama na biyar. Na bayyana masa sabon tsarin, na nuna masa lambarsa. Ya ce, "To, in aikin ya ƙare, za ki ƙone mai sunayen?"

Na so na ce masa e. Amma yarjejeniyarmu ta wajabta a adana takardu shekara biyar bayan biyan ƙarshe, sai na faɗa masa haka, na ƙara da cewa mabuɗan akwatin biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun shugabar ofis. Ya jima bai ce komai ba. Sannan ya ɗauki biro ya rubuta sunan farko kaɗai, ya bar gurbin unguwa da na waya fayau, ni kuma na karɓa a haka.