Tashar Masar ta shigo tun kafin magariba

'Yan'uwa masu farautar tashoshin rediyo na nesa, Alhamdu lillahi. Ranar Juma'a na kama tashar Alƙur'ani ta Masar a 864 kHz a bakin teku, rana ba ta gama faɗuwa ba, karatu tangaran har na gane mai karatun. Daga nan Jidda zuwa yankin Delta na kogin Nilu a Masar kusan kilomita 1,300 ne. Ban yi barci da wuri ba saboda murna.

A gida tashar nan ba ta fitowa sai dare ya tsala, shi ma cikin gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki da fitilun LED na maƙwabta. Riyal 600 na zuba a eriya mai ƙara ƙarfi, har yanzu kuɗin na min ciwo, don gurnanin ta ƙara tare da tashar.

Abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne tazara daga ruwa. Na je gaɓar Ubhur da ke arewacin Jidda, na tsaya inda ake ajiye motoci, matsakaicin zango ya ɗan gyaru, amma ba abin a zo a gani ba. Da na sauka kan yashi mai danshi, taku kaɗan daga ruwa, sai ma'aunin sigina ya ɗaga a idona. Na koma baya ya sauka, na dawo ya hau. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sau dubbai fiye da busasshiyar ƙasa, Bahar Maliya kuma ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a kowace lita. Siginar da ke zuwa ƙasa-ƙasa daga nesa tana bin saman ruwan ba ta rasa ƙarfi sosai, da ta hau tudu sai ta fara raguwa. Hanyar Masar kuwa ta bi tsawon tekun ne, shi ya sa.

Duk da haka sai da na gyara wayar da ke haɗa rediyon da ƙasa kafin karatun ya washe. Ƙarfen da na soka a busasshen yashi bai yi komai ba. Na ɗaure wayar tagulla da dutse na jefa cikin ruwa, nan take shuuu ɗin ya faɗi. Tashoshin cikin gari masu ƙarfi sun so danne ta, na riƙa juya rediyon a hankali har sandar ferrite, wato eriyar da ke cikinsa, ta ba su gefen da ba ta ji.

Tashoshin da ke ta gabas kam babu wani canji, kuma abin ya ba ni haushi. Teku tana taimaka maka ne a ɓangaren da take kawai. Bayanka duwatsun Hijaz ne da Ɗa'if, sai hamada. Ku da ke Port Sudan naku akasin namu ne, gabas ce a buɗe gare ku.

Gishiri ya riga ya fara cin mahaɗin wayar, ya yi kore. Zan sayi wani in shafe shi da man giris, sannan in gwada gaɓar Shu'aiba da ke kudu da Jidda, inda fitilu ba su kai na Ubhur yawa ba.