Layin da ba a ɗaura wa wayar ƙasa ba, layi ne mai wuta

Da yawa daga cikin haɗurran da ke hallaka ma'aikatan lantarki a kan layin 11kV da 33kV (wato volt 11,000 da 33,000) suna faruwa ne a kan layin da kowa ya yi imani an kashe shi. Wani ya buga waya ya ce an ɗauke wuta, ma'aikaci ya jingina tsani ya hau. Maganar baki ba ta kashe layi, kuma ganin unguwa cikin duhu ba shaida ba ce.

Aiki yana farawa ne daga takardar izini. Jami'in da ke kula da fidar, wato babban layin da ke ɗauko wuta daga tasha, zai rubuta sunanta, da iyakar wurin aikin daga falwaya kaza zuwa kaza, da wuraren da aka raba layin. Wannan yana da muhimmanci musamman inda fida biyu ke tafiya a kan falwaya ɗaya, domin kashe ta ƙasa ba ya taɓa ta sama.

Makunnai biyu ake buɗewa don raba layi da wuta: bireka ake fara buɗewa, sannan aisoleta. Bireka an ƙera ta ne don ta yanke wuta tana cikin gudu, ta kashe tartsatsin a cikin mai ko iskar gas ko kwalbar da babu iska. Aisoleta ba ta da wannan ƙarfin. Idan aka ja ta alhali wuta na gudu a layi, harshen wuta zai tashi tsakanin bakunanta ya ƙone mai jan. Amfaninta shi ne tazarar da ido ke gani, don haka a duba cewa dukan wuƙaƙenta uku, ɗaya ga kowace wayar layin, sun buɗe, saboda ɗaya takan maƙale. Daga nan a sa kwaɗo, a rataya allon gargaɗi, makullin ya zauna a hannun mai riƙe da izini. In layin yana da na'urar da ke mayar da wuta da kanta, a kashe ta tukuna.

Sai gwaji. A gwada na'urar gano wuta a kan abin da aka san yana da wuta, a gwada wayoyi ukun ɗaya bayan ɗaya da doguwar sandar da ba ta ɗaukar lantarki, sannan a sake gwada na'urar. Na'urar da batirinta ya mutu shiru za ta yi, kuma shirun nan daidai yake da na layin da ya mutu. Safar hannu ma tana da aji: ta aji 2 tana kaiwa 17kV, ta isa ga layin 11kV, amma 33kV sai ta aji 4. A naɗe ta daga baki a matse iska a ciki kafin a sa, don gano huda.

Wayar ƙasa, wato wadda ake haɗa layi da ƙasa da ita don duk wutar da ta shigo ta bi ta can, ita ce mai ceton rai, kuma ita aka fi yi wa sakaci don tana da nauyi tana cin lokaci. A garuruwanmu, inda kusan kowace masana'anta da asibiti da gidan ƙanƙara ke da janareta, ga sola da inbata suna ta yaɗuwa, wuta tana iya dawowa ta baya. Idan mai janareta bai da makunnin sauya layi mai kyau, 415V ɗinsa zai bi waya zuwa taransifoma, ita kuwa ba ta san gaba da baya ba: za ta ninka shi kusan sau 26 ta tura 11,000V kan layin da mutum ke riƙe da shi. Bireka da aka kulle can a tasha ba ta da abin yi a nan. Haka kuma layin da ya yi doguwar tafiya kusa da na 132kV ko 330kV yakan ɗauki wuta daga maƙwabcinsa ba tare da sun taɓa juna ba, kuma kebul na ƙarƙashin ƙasa yakan riƙe caji bayan an kashe shi.

Shi ya sa ake ɗaura wayar ƙasa a gaba da bayan wurin aiki, da kan duk reshen da ya shigo tsakani, inda ma'aikaci zai iya hango ta. Ƙarshen da ke zuwa ƙasa ake fara ɗaurewa, sannan a maƙala wa wayoyi ukun da sanda, a haɗe su. Wanda ya fara da sama, ya mai da kansa hanyar da wuta za ta bi. A goge tsatsa a matse sosai, kuma kaurin wayar ya iya ɗaukar wutar da za ta kwararo har bireka ta yanke. Guntun waya da aka tsinta a bayan mota narkewa zai yi. Da rani, ƙasar arewa takan bushe ƙayau, don haka a kafa ƙarfen da ake ɗaura wa wayar ƙasa ya nutse sosai a jiƙa gindinsa.

Idan an gama, a ƙirga mutane da kayan aiki, a cire wayoyin ƙasa daga sama tukuna, a tabbatar adadin da aka cire ya yi daidai da wanda aka rubuta. Mai izini ya sa hannu ya mayar da takarda, sannan a cire kwaɗo, a rufe aisoleta, bireka ta zo ƙarshe. Daga lokacin da takardar ta koma, ko filaya aka manta a sama ba mai komawa sai da sabon izini.